Makullan da ke Zauren Maharazu

A lungunmu da ke Zaitawa, duk wanda zai fita ya bar gida babu kowa, zauren Maharazu mai wankin hula yake kai makullinsa. Akwai ƙusoshi goma sha ɗaya a jikin bangon, kowane gida da tasa. Ba a rubuta suna, amma bai taɓa miƙa wa wani makullin wani ba. Haka aka saba tun zamanin mahaifinsa, Malam Ado, wanda shi ma wankin hular ya yi a zauren har Allah ya yi masa rasuwa.

Maharazu ya karɓi sana'ar yana ɗan shekara ashirin da biyu, yanzu yana da arba'in da ɗaya. Aikin bai canza ba. A jiƙa hula, a goge ta da burushi, a sa sitaci, a ɗora a kan katako a jera a rana. A dakalin da yake zama akwai wani wuri da ya lotsa, simintin ya yi sumul. Wata rana da na kai masa hulata ya nuna mini wurin.

"Ka ga nan? Wurin zaman Baba ne. Shekara talatin yana zaune har dakali ya gaji da shi. Ni ma layin na biyo."

Ya yi dariya, amma ta yaƙe ce. Na zauna, don na ga maganar na cinsa. Ya ce sa'anninsa duk sun yi gaba, wani yana koyarwa, wani yana da shago a kasuwar Kwari, kuma su ne suke aiko masa da huluna. "Ba yunwa nake tsoro ba, ina ci ina sha. Tsorona a ce Maharazu ya rasu, a ce a ina, a ce ai a zaure. Shi ke nan tarihin ya ƙare."

Ana saura wata guda Babbar Sallah, Mikail abokinsa na ƙuruciya ya zo masa da magana. Mikail tela ne, yana da shago a bakin titin Ƙofar Na'isa, ya kuma sayo injin aikin wuyan riga mai kwamfuta. Ya ce mutumin da ya shekara goma sha tara yana kallon zanen hula ba zai rasa idon aiki ba, don haka ya zo ya koya, Litinin da Talata da Laraba, daga hantsi zuwa azahar. Zai jira shi har sati ɗaya bayan Sallah. In bai zo ba, akwai wani da ke nema.

Maharazu yana so, amma makullan suka tsaya masa a rai. Da safe ake fita, da safe ake kawo su. Kuma a lungunmu ba a mayar wa mutum makullinsa a ce ya nemi wani wurin, sai in an ɓata. Yin haka kamar ka ce masa zumunci ya yanke ne. Ya yi ta ɗaga maganar, yau gobe, har Sallah ta wuce, ya rage kwana biyu. Hulunan da ya wanke a satin ma sai da aka dawo masa da uku, sitaci ya yi yawa.

Ranar Asabar Gwaggo Safiya, ƙanwar mahaifinsa, ta kawo makullinta za ta gidan suna. Ta dube shi ta ce, "Kai kuma lafiya ka yi zuru kamar an aiko maka da sammaci?"

Ya faɗa mata komai, har da wurin da ya lotsa.

"Wane wuri?" Ta leƙa. "Wannan? Wa ya ce maka zama ne ya lotsa shi? Magini ne ya cika yashi. Sati biyu da yin dakalin ya zauna haka. Ubanka ya bi mutumin har Yakasai yana faɗa."

"Gwaggo, da gaske?"

"Ƙarya zan yi maka da furfurata? Kai da ka yi wayo ka tarar ciwon ƙafa ya kama shi, shi ya sa ka ɗauka a nan aka dasa shi. Mutumin da sai da ya yi shekara talatin da biyar yana rini kafin ya bari ya koyi wankin hula. Kuma sau biyu a sati yake tafiya kasuwannin ƙauye sayo huluna."

"To makullan fa?"

"A kwano yake zuba su ya miƙo mini ta soro. Ni ce dai, ban mutu ba. Ko ka raina ni ne, ɗan nema?"

Washegari bayan la'asar Maharazu ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauki makullin kowa ba, da baki kawai ya je. Ya ce kwana uku a sati, da safe, ajiya tana wurin Gwaggo. Gida goma suka ce Allah ya sa albarka. Alhaji Mamman ne kaɗai bai ji daɗi ba, ya ce shi ba zai riƙa sallama a ƙofar mata don makullinsa ba, ya aiko aka ɗauke. Maharazu ya ce abin ya taɓa shi, amma bai fasa ba. Ranar Litinin ya rufe zauren da hantsi, ya hau adaidaita sahu.

Wata takwas ke nan. Bai ƙware ba tukuna. Ya karya allurai da yawa, ya kuma taɓa ɗora zane a juye a rigar wani ango, sai da Mikail ya yini yana warwara. Amma an fara sayen wani zane da ya ciro daga jikin wata tsohuwar hula damanga ya mayar wuyan riga. Da yamma yana nan a zaure yana wankin hularsa, ƙusa ɗaya babu makulli.

Jiya na tambaye shi ko har yanzu yana tsoron nan. Ya ce yakan zo jefi-jefi, amma ba ya daɗewa, don gobe akwai inda za shi. Wurin da ya lotsa kuwa bai gyara ba. Kwanon sitaci yake ajiyewa a ciki, ya ce a nan ne ba ya kifewa.