Aji Biyu, Amma da Saura

A sana'armu ta ɗinki, idan mutum ya zo shagonka ya ce ya riga ya koyi aiki a wani wuri, ba a karɓarsa da faɗar bakinsa. Goro za ka saya, ka taka da ƙafarka zuwa wurin wanda ya koya masa, ku gaisa, ka ajiye goron a kan keken ɗinki, sannan ka tambaya, "Ka sallame shi?" Idan ya ce ya sallama, sai ka ƙara da, "Ina hannunsa ya tsaya?" Shi kuma zai gaya maka, ya iya wando amma wuyan riga yana ba shi wahala, ko kuwa yana da gaggawa wajen yanka. Bayan duk wannan ma, yawancinmu a Fagge sai mun mayar da mutum kan guga da maɓalli na ɗan lokaci. Haka aka yi mini, haka na yi wa wasu. Ni firamare na tsaya, don haka abin da na sani game da ƙarin karatu a kan karatu ke nan.

Babban ɗana ya yi difloma a aikin lantarki a wata kwalejin fasaha. Da ya gama ya kama aiki a Kasuwar Sabon Gari, wurin masu haɗa sola da gyaran injin wuta, yana samun abin rufin asiri. Wata rana bayan azahar ya shigo shago yana ta murmushi, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, jami'a ta ɗauke ni. Kuma ba daga aji ɗaya zan fara ba, aji biyu za su sa ni kai tsaye, saboda diflomata."

Na sauke ƙafata daga keke.

"Aji ɗayan fa, wa zai yi maka shi?"

"Ai na riga na yi shi a kwaleji. Darussan kusan iri ɗaya ne, lissafa mini su za a yi."

"Wa ka sani a can?"

"Babu kowa, Baba. Wallahi ban ba kowa komai ba."

Rantsuwar nan ita ta ƙara tayar mini da hankali, don ban kai ga tambayarsa ko ya ba wani wani abu ba. A shagon tela babu hirar da ba a yi. Na sha jin masu kawo ɗinki suna labarin ɗaliban da aka kora a shekarar ƙarshe saboda an gano da takardar bogi suka shiga. Nan take na hango ɗana ya bar aikinsa, ya ɓata shekaru, sannan an dawo da shi Fagge ana nuna shi da baki. Na hango kaina a sahun masallaci, kowa ya san ɗan tela ya tsallake layi.

Na ce masa, "Ban amince ba tukuna."

Bai yi musu ba. Shi mutum ne da ba ya wuce maganata, kuma abin da ya fi damuna ke nan, don na san idan na yi shiru har aka rufe rajista, gurbin ya tafi, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo ba. Sai dai kullum da safe idan ya zo gaisuwa yakan daɗe a durƙushe fiye da yadda ya saba.

Maƙwabcin shagona wani Alhaji ne mai sayar da zare da allura da zif. Bayarabe ne, amma a Fagge aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Duk abin da aka faɗa a shagona yana ji ta jikin langa-langa. Ɗana na fita ya leƙo.

"Tela, kai ko Aljanna aka ce ka shiga babu hisabi, sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce a duba ko kuskure aka yi."

"Gara a duba tun ina ƙofa, Alhaji, da a zo a fito da ni ina tsakiyar shan inuwa."

"To Allah ya ba ɗan nan haƙuri. Wasu na neman mai tura 'ya'yansu gaba, kai kana riƙe wa naka ƙafar wando."

Na ce ɗana ya kawo mini takardunsa. Ya kawo shaidar diflomar, na juya ta gaba da baya, na ɗaga ta a rana. Sai na ce ina wadda aka rubuta abin da ya ci a kowane darasi, tunda da ita za a yi lissafin. Ya ce wannan ba a ba ɗalibi a hannu, kwalejin ce ke aika wa jami'a da kanta. Na dube shi. Takarda taka, sakamako naka, amma a ce ba za ta bi ta hannunka ba? Abin da aka ɓoye wa mai shi, me ke cikinsa? Wa ya ɗauke ta, a ina ta kwana, wa ya buɗe ta a hanya? Ya ce yanzu ma ta kwamfuta ake turawa. Wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan, don na ga yadda masu shagunan kwamfuta na wajen Bata ke sauya wa mutum riga a hoto.

Sai na yanke shawarar in yi abin da na iya. Na sayi goro fari mai kyau, aka naɗe mini a ganye, na rufe shago da hantsi, na hau adaidaita zuwa kwalejin ba tare da na gaya wa kowa ba. Mai gadi ya nuna mini sashen lantarki. Na sami wani mutum a ofis yana cin gyaɗa, na yi sallama.

"Ina son ganin maigidan ɗana."

"Wane maigida, Baba?"

"Wanda ya koya masa lantarki."

"Ai malamai da yawa ne suka koya masa. Wasu ma sun bar nan. Wanne kake so?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Mutumin kirki ne, ya tambayi sunan ɗana da shekarar da ya gama, ya danna kwamfuta, ya ce lallai ya gama lafiya, kuma an riga an aika wa jami'a sakamakonsa. Na ce to, ina hannunsa ya tsaya? Ya dube ni ya dubi hannuna, ya ce bai gane ba. Na yi godiya na fito da gorona a aljihu. A hanya ina ta tunani, ga wuri ya yaye mutum, amma babu mutum ɗaya da zai dafa ƙirji ya ce ni na sallame shi.

Daga baya na gano wadda ta fara nuna wa ɗana wannan hanya. Wata Malama ce, Kirista daga wajen Zariya, ta koyar a sakandare har ta yi ritaya, tana zaune a Sabon Gari. Na daɗe ina yi wa mijinta ɗinki, ɗana kuma shi ya haɗa musu sola. Na ƙarasa kaftanin mijin da wuri don in sami dalilin zuwa, na kai da kaina.

Ta kawo mini ruwa, ta saurare ni har na gama.

"Malam, wannan ba ɓarauniyar hanya ba ce. Ƙofa ce da hukuma ta buɗe tun da daɗewa. Ɗan ƙanwata ma ta nan ya shiga."

"Ya gama?"

"Ya gama, yana aiki a Kaduna."

"Ba a taɓa nemansa ba?"

Ta yi dariya har ta ajiye tabaranta. "A neme shi a ce me? Kai dai ba ka yarda da ni ba."

Na ce na yarda da ita. A raina kuwa ina cewa, ita ce ta kawo shawarar, ai ba za ta kushe ta ba, kuma don mutum ɗaya ya wuce ba a kama shi ba, wannan bai wanke hanyar ba. Kamar ta ji abin da nake saƙawa, sai ta ce akwai ranar tantancewa kafin a yi rajista, ranar da ake zama da kowane ɗalibi a duba takardunsa. Ta ce in bi shi in gani da idona, in daina wahalar da masu adaidaita.

Ranar muka fita da sassafe, muka hau mota daga Bata. Na sa sabuwar shadda. Na sake sayen goro, don a tunanina wannan karon zan ga wanda zai karɓi ɗana, kuma ba a zuwa irin wannan wuri hannu rabbana. Muna zaune a benci a bakin ofis, cikin samari da 'yan mata kowa da fayil a cinya, sai ɗana ya lura da aljihuna ya kumbura, har ganyen ya ɗan jiƙa shaddar.

"Baba, mene ne wannan?"

"Goro ne."

Ya matso ya rage murya. "Don girman Allah kada ka fito da shi. Nan ba Fagge ba ne. Za a ce cin hanci muka kawo, a soke ni gaba ɗaya."

Ni da na zo kama maguɗi, ashe ni ne na shigo da abin da za a kama. Na dafe aljihun da tafin hannu, na kasa cirewa. Na duba ko akwai inda zan zubar, na ga ko'ina idanu ne, kuma wanda aka gani yana zubar da abu a ɓoye ya fi wanda ya riƙe zama abin zargi. Haka na shiga ofishin hannuna a kan cinya kamar mai ciwon ƙugu.

Wata malamar jami'a ce a ciki, ba ta da yawan fara'a. Ta ce in zauna. Ta shimfiɗa takardu biyu a gabanta, ɗaya darussan da ɗana ya yi a kwaleji, ɗaya darussan aji ɗaya na jami'a. Ta ɗora rula tana saukowa layi bayan layi, tana duba nan tana duba can, tana sa alama. Ina kallon hannunta. Ba ta gaggawa. Can sai rular ta tsaya.

"Wannan darasin lissafi na aji ɗaya, abin da kuka yi a kwaleji bai kai namu ba. Za ka shiga aji biyu, amma shi sai ka zauna da 'yan aji ɗaya ka yi shi."

Fuskar ɗana ta sauya. "Ranki ya daɗe, ai na ci shi, kuma da maki mai kyau."

"Na gani. Rabinsa kuka yi, kuma rabin ka ci."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na riga shi.

"Hajiya, don Allah, wannan takardar ta kwaleji, daga hannun wa kika karɓe ta?"

"Daga kwalejin, Baba. Ba ma karɓa daga hannun ɗalibi."

"Saboda me?"

"Saboda ɗalibi ba ya ba da shaidar kansa. Mu muke tambayar inda ya fito, su ba mu amsa."

Ashe abin da na ɗauka ɓoye-ɓoye ne, shi ne tafiyar da nake yi da goro zuwa shagon tsohon maigida. Sun tambaya ko an sallame shi. Sun tambayi inda hannunsa ya tsaya, kuma ga shi ta sa rula ta nuna wurin. Da ta ce komai ya yi daidai, da na fita ina cewa ba ta duba ba. Amma ta sami abin da ya rage, ta mayar da shi kan guga.

Da muka fito, ɗana yana tafe yana ƙunƙuni, wai zai zauna da yaran da jiya suka bar sakandare, wai lokutan darasin za su ci karo da aikinsa na kasuwa. Ya waiwayo ya gan ni.

"Baba, murmushi kake yi? An ƙara mini aiki fa."

"Je ka yi rajistarka. Na amince. Allah ya yi maka albarka."

Ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallona, sannan ya juya da sauri ya nufi wurin rajistar, kamar yana tsoron kada in sake tunani. Yana da gaskiya, don kafin mu iso Bata na fara. Na ce masa tunda ta sami ɗaya, wa ya sani ko akwai na biyu da rular ta tsallake, ko zai koma ya roƙe ta ta sake bi tun daga sama. Ya ce in yi masa rai. Wannan ne karo na farko da na nemi abu ya ƙi, ban kuma matsa ba.

Goron Alhaji na ba. Ya kwance ganyen, ya ɓare ɗaya, ya ce bai taɓa cin goron da ya je jami'a ya dawo ba a ɗauke shi ba. Sannan ya ɗaga murya yana gaya wa masu shagunan layinmu cewa ɗan tela ya shiga jami'a, aji biyu kai tsaye.

Na leƙo daga shago na ce, "Aji biyu, amma da saura ɗaya a aji ɗaya."

"Wa ya tambaye ka, Tela?"

Babu wanda ya tambaye ni. Amma duk wanda ya zo yi mini murna a kwanakin nan sai da na ƙara masa da wannan, har ɗana ya roƙe ni in daina. Ban daina ba sai da ya ci lissafin. Ko a ranar, da ya nuna mini sakamakon a wayarsa, na ce na gani, amma ya faɗa mini ofishin da zan je in ji daga bakinsu.