Allurar Motar Baba

Baba yana da wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, gajera, sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Wani injiniya baƙo da suka yi aiki tare ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun ina goye. Duk Yelwa babu irinta. Kujerunta biyu ne kacal, ko buhun shinkafa ba ta ɗauka, kuma Inna ba ta taɓa yarda ta shiga ba, ta ce ba za ta zauna dab da ƙasa ana yawo da ita cikin gari ba. Sana'ar Baba gyaran injin kwalekwale ce da wayoyin mota, saboda haka ba wanda ya taɓa sa wa motar nan sifana sai shi. A cikinta ya koya mini tuƙi bayan na gama sakandare.

Ina koyarwa a Shanga lokacin da abin ya faru. Na zo gida hutun ƙarshen damina, na tarar da motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, an kwance dashbod, wayoyi sun zubo waje. Baba ya ce agogon gudu ne ya lalace. Ya je Wara duba injin wani masunci, a hanyar dawowa ya bi ta cikin ruwan da ya malale titi, tun daga ranar allurar take tsalle, ta hau ta sauka, wani lokaci ta kwanta gaba ɗaya alhali mota na gudu.

Na ce, "To Baba, ai tana tafiya. Ka bar ta haka mana."

Ya ce, "Ni ba ni hawan mota ban san gudun da nika yi ba. Gobe da safe ki taho ki kama mini."

Maganar ta ba ni mamaki, don ban taɓa jin ya nemi wani ya kama masa aiki ba. Amma na ji daɗi.

Da safe muka fara da fiyus. Ya zaro shi ya miƙo mini, ya ce in ɗaga in gani ko ya ƙone. Lafiyarsa lau. Muka bi wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya kwance ta, ya goge, ya mayar. Ya yi mini bayani cewa agogon wannan motar na lantarki ne: akwai wani ɗan sansa a jikin giyabos, shi ke aika saƙo ta waya duk lokacin da taya ta juya, allura kuma ta motsa. Ko sansan ya mutu, ko waya ta tsinke, ko agogon kansa.

Muka ɗaga bayan motar da jak. Ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashi, ya dafa bakin mitar awon wuta a kan wayoyin, sannan ya turo mini mitar waje.

"Juya tayar a hankali, ɗiyata, ki karanta mini."

Na juya. Lambobin suka motsa sau ɗaya, suka tsaya. Na faɗa masa. Ya ce in leƙo in gaya masa wace ce ruwan ɗorawa a cikin wayoyin nan. Na leƙa na nuna masa, ina cewa a raina duhun ƙarƙashin mota ne. Can sai sukudireba ta suɓuce masa ta faɗi a kan tabarma, kusa da kafaɗarsa. Rana tana haska wurin sarai. Na ga hannunsa yana lalube, ya wuce ta, ya dawo, ya sake wuce ta. Na tsaya ina kallo, tayar na ci gaba da juyawa ita kaɗai.

Na ɗauka na sa masa a hannu. Na ce, "Baba, ba ka gan ta ba?"

Ya damƙe sukudirebar. Sannan ya ce, daga inda yake kwance, "Ruwan nan na hanyar Wara, ban gan shi ba sai da na ji shi ga ƙafata."

Na shiga gida wai zan ɗebo masa ruwan sha. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, tana ganin fuskata ta ajiye rariya. Ashe ta daɗe da sani. Ta ce gefe da gefen ganinsa ne ya fara rufewa, yanzu kamar ta bakin tulu yake kallon duniya. Ita ke ajiye masa buta da takalmi a wuri ɗaya kullum, ita ta hana a riƙa barin turmi a hanyarsa. Ya hana ta gaya mana, ya ce tsufa ne kawai. Na yi kukana a bayan ɗakin girki, na wanke fuska, na kai masa ruwan.

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Muka ci gaba da aiki. Da yatsunsa ya gano matsalar: mahaɗin wayoyin da ke kusa da sansan ya cika da laka, ciki ya yi kore da tsatsa, waya ɗaya kuma saura ƙiris ta rabu. Ya kankare shi da ɗan sanfefa, yana hurawa. Da aka zo narka dalma sai ya miƙo mini ƙarfen narkawar, ya ce hannuna ya fi nasa ƙanƙanta. Na ƙone yatsa kafin ta kama. Muka sake juya taya, lambobin mita suka riƙa hawa da sauka daidai yadda ya ce za su yi.

Bayan la'asar muka sauke jak. Ya tsaya a ƙofar direba da makulli a hannu, ya ɗan jima, sannan ya zagaya ɗaya gefen ya ce in ja. Muka ɗauki hanyar Birnin Yauri, gonakin gero sun yi kai ta ko'ina. Allurar ta tashi a hankali ta tsaya cak, ba rawa. Ya sunkuyo har goshinsa ya kusa taɓa kafaɗata, ya kafa mata ido, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ƙara wuta kaɗan." Na ƙara. Ya jingina, ya sauke gilashi, yana shan iska har muka juyo.

Ni da yayana muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyoyin, abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka ba shi maganin ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage. Bai tsaru ba. Kafin wata damina ko hasken fitila ba ya rarrabewa. Masunta suka ci gaba da kawo masa injuna na ɗan lokaci, yana saurare yana faɗa musu inda za su duba, daga baya suka rage zuwa. Kowace safiya sai ya lallaɓa bango ya fita, ya zauna a cikin motar ya tayar da ita, wai kada batir ya mutu. Ya rasu da azumi, bayan gajeriyar jinya.

Da aka yi rabon gado, yayyena suka amince a sayar da motar, ni kuma ba ni da inda zan ajiye ta a Shanga. Wani mutum daga Kontagora ya zo ya ɗauke ta a bayan babbar mota. Ina cikin aji Inna ta kira ni ta faɗa mini. Na fita baranda na tsaya da waya a kunne, ina jin hayaniyar ɗalibai a bayana. Can ta tambaye ni ko na ci abinci, na ce mata na ci.