Layi Shida a Kwamfutar Rafi'u

Kullum da hantsi Baba Salifu zai jingine babur ɗinsa a bakin shagonsa na Zango, ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gyara. Ƙarshen watan nan zai rufe. Idon hagu ya tafi, na dama yana bin sa.

Bara Hajiya Indabo, mai sayar da atamfa a kasuwar Sankaryare, ta kawo masa kwamfutar ɗanta Rafi'u, ɗalibin jami'a da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bobo. Marigayin ya sa mata manhajar Windows da ta Linux, ya yi ta sake sakawa, har in an kunna sai layi shida su jeru, a zaɓi ɗaya. Hajiya ta danna na farko, sai duhu. A ciki kuwa akwai muryar Rafi'u yana karatun Alƙur'ani, ita kaɗai ta rage mata.

"Malam, masu gyara na Zogona sun ce sai formate. Mene ne shi?"

"Wanke ta tas, Hajiya. Har da muryar."

"To a ba ni abata da duhunta."

"Zauna tukuna. Ni da duhu mun saba."

Bai share ko ɗaya ba sai da ya shiga kowanne ya ga inda ya nufa, yana rubutawa da fensir a bayan kwalin sukari. Yini biyu, ido na zubar masa da ruwa. Huɗu ragowar tsofaffin sakawa ne. Ya cire su ɗaya ɗaya, ya bar biyu, ya ɗora mai muryar a sama.

Wani Hamadu direba yana shagon ranar da aka kunna wa Hajiya muryar. Ya ce da karatun Tabaraka ya tashi Hajiya ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "A maimaita."

Baba Salifu, kai ne mai dubawa kafin sharewa. Irina, da muka gudu daga makaranta don ba ma iya zama, da tuni mun wanke ta mun wuce shan shayi. Mun gode. Allah ya saka maka da hasken da ka ƙarar a kan kayan mutane.

Ku masu gyara na yanzu, ku je ku zauna kusa da shi kafin watan ya ƙare. Har yau yana iya ganin manyan baƙaƙe.