Dutsen da Bai Yi Amai Ba

Muna cikin shekararmu ta biyu a New York Malam, mijina, ya dawo daga makaranta ya ce ranar Asabar ajinsu zai je ganin dutse mai aman wuta. Karatun duwatsu aka turo shi ya yi, aka haɗo shi da ni, a can kuma na haifi 'yarmu ta fari. Ɗakinmu yana hawa na huɗu a unguwar Morrisania, inda bututun ɗumama ɗaki yake wuni yana ƙwanƙwasa kamar baƙon da aka ƙi amsa wa sallama.

Ina tuƙa tuwo ya faɗi maganar. Na ajiye muciya.

"Aman me, Malam?"

"Wuta. Amma kwantar da hankalinki, ya mutu tun kafin a san mutum a duniya."

"Wa ya yi masa wanka ya binne shi?"

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Aji uku kawai na yi a firamare, amma amai dai na san shi. 'Yar nan sai ta yi lamo kina cewa ta warke, can sai ki ji ɗumi a kafaɗa. Shirun mai amai ba ya ruɗa ni.

Akwai abin da ban gaya masa ba. Ba wutar ce kaɗai tsorona ba. Duk faɗin garin nan, kantin bakin layi na sani da wurin wanki. Ba na iya karanta allon jirgin ƙasa. Ko "mijina bai dawo ba" ban san yadda ake faɗa da Turanci ba. Idan wani abu ya same shi, ni da 'yar nan sai dai mu zauna a ɗaki har abinci ya ƙare. Sai na ce masa, "Da mu za ka tafi. In zai yi aman, ya yi a kanmu duka."

Ranar kuwa da ruwan sama aka tashi. Muka shiga bas a ƙofar makarantarsu, muka haye gada zuwa New Jersey, gine-gine suka ƙare, sai gonaki. Ɗaliban duk da rigunan ruwa masu ruwan ɗorawa. Ni kuwa na goya 'yar, na ɗora tsohuwar kwat ɗin Malam a kan goyon, na koma kamar mai ƙusumbi. Matar malaminsu, wata tsohuwar Baturiya mai furfura, ta zauna kusa da ni. Jim kaɗan sai ta ɗaga kwat ɗin ta leƙa, ta yi murmushi, ta tsiyaya mini shayi a murfin filas. Har yau ina jin ƙanshin lemon tsamin shayin nan.

Da bas ta tsaya Malam ya nuna mini wani tudu mai ciyawa, shanu suna kiwo a gindinsa.

"Wannan ne? Ai ko Dala ya fi shi kwarjini."

"To kin gani. Ki zauna a mota, yanzu za mu sauko."

Suka ɗauki 'yan gudumominsu suka hau. Ina kallon bayansa har gajimare ya sauko ya haɗiye su. Ruwa ya ƙara ƙarfi. Na yi ta ƙirga 'yan yatsun ƙafar 'yar nan ta bayana, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai aka yi wani rugugi, gilashin bas ya girgiza, shanun suka watse da gudu, ga wani abu fari yana tuɗaɗowa daga kan tudun kamar hayaƙi.

Ban san lokacin da na fita ba. Tsohuwar tana kira, ban waiwaya ba. Taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, na bar shi. 'Yar ta farka ta tsala ihu. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban baƙi ba, ga ni ina ƙwalla "Malam! Malam!" cikin ruwa. Ba na ganin komai, sai ƙarar guduma nake ji, ƙwas, ƙwas, ita na bi.

Na same shi a tsugune yana fasa dutse. Ya miƙe a firgice.

"Ke! Lafiya? Me ya sami yarinyar?"

"Na ji ya fara."

"Tsawa ce fa!"

"To in da ba tsawa ba ce? Wa zai mai da mu gida? Ko jirgin da ke zuwa unguwarmu ban sani ba, Malam."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙafata marar takalmi. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan dutsen. Na juya bayan hannu, yadda ake taɓa goshin yaro. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Daidai nan 'yar nan, da ta sha jijjiga, ta kwararo mini nonon da ta sha a wuya. Wani dogon ɗalibi ya faɗi wata magana, duk suka fashe da dariya. Malam ya ce, "Wai ya ce sun dai ga aman da suka zo gani."

Lahadin da ta biyo baya, muna gama karin kumallo ya ce in ɗauko mayafi. Ya kai ni tashar jirgi, ya nuna mini lambar jirginmu da harafin farko na sunan tasharmu, sannan ya koma bayana ya ce in ja mu. Sau biyu ina kai mu inda ba mu nufa ba. A Lahadi ta uku na dawo da mu har ƙofar gida, ina gaba yana biye da jakar 'yar.

Malam ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Gutsuren dutsen da ya fasa ranar ya biyo mu gida Najeriya, yana kan tagata. Wani lokaci in na zo wucewa nakan ɗora masa bayan hannu. Har yanzu dai lafiyarsa ƙalau.