Na Je Kano da Ƙullutu a Bayan Kunne

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ni da ƙanwata da ƙullutun da ya shekara biyu a bayan kunnena na hagu. Da fari cewa aka yi hangum ne. Wanzami ya tsaga shi har sau biyu, bai fasa girma ba, sai ma bakina da ya karkace, idona ya daina rufuwa.

A ƙofar gida na tarar da maƙwabta sun jeru, kowa yana neman in yafe masa. Na ce na yafe, amma su sani Kano za ni, ba maƙabarta ba. Yayana kuwa ya riga ya hana a yafa irin albasata, wai wa zai dasa.

Adaidaita ce ta kai mu Kura ta gefen kanal ɗin ban ruwa, kowane rami sai na ji shi a cikin ƙwanyata. A tasha direba ya so ya ninka kuɗin mota, da ya dubi fuskata sai ya rage ba tare da ciniki ba. Na biya cikakke, don ban fito baran tausayi ba. Ƙanwata ta sayi gurasa tana ci ina kallo, ni kuwa koko na sha ta gefen dama, rabinsa a kan riga.

A asibiti aka zura ni cikin na'urar ɗaukar hoton kai, mai ƙara kamar injin casar shinkafa. Kwana huɗu muka yi a gidan wani ɗan'uwa kafin sakamako ya fito. Likitar ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ciwon daji ne na matarar yawu, irin da ba kasafai ake gani ba, ya bi jijiyar fuska har ya shiga gindin ƙoƙon kai. Za su yanke abin da wuƙa ta iya kaiwa, sauran su gasa shi da haske na makonni.

"Baba, ba zan yi maka alkawarin ba zai dawo ba," in ji ta.

Ƙanwata ta fashe da kuka. Ni ma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ce wa likitar: "'Yata, kin san kacalla? Ciyawa ce da ke toshe mana kanal. Duk shekara mu sare ta mu ƙone, duk shekara ta dawo. Ban taɓa ganin wanda ya bar gona saboda ita ba. Sa mini rana."

Ta sa.

Mun iso gida da la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, da na kai ƙullutun nan asibiti tun yana kamar gyaɗa, da aikin bai kai haka ba, kuma masu ƙaunarka ne ke fara haƙura da kai. Ban ko cire hula ba na ɗauki irin albasata na nufi gona. Yayana ya biyo ni yana cewa albasa fa sai ta yi wata huɗu. Na ce na sani, ya je ya buɗe mini ruwa.