Neman geron da ba ya barin dusa

Fita daga Haɗeja

Ranar Laraba ana idar da sallar asuba na rataya jakata, na naɗe buhun da babu komai a cikinsa na sa a hammata. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba. Idonsa biyu, har ya jawo ƙwaryar geronsa kusa da tabarma yana jiran gari ya waye. Na ce, "Baba, zan je in samo wa baƙinka abinci." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, sallamarmu ke nan.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da tela daga shagonsa a tsakiyar damina. Mahaifina manomin fadama ne. Ciyawar kachala ta cinye gonarsa, ruwa ya ci gidan, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke sai ɗai-ɗai. Na ɗauko shi na kawo gidan hayar da nake zaune. A tsakar gidan akwai tsohuwar bishiyar maina, wadda wasu ke kira darbejiya, kuma a gindinta ya samu abin da ya riƙe shi a duniya. Kowace safiya mu fito da shi, ya watsa gero da hannu ɗaya, kurciyoyi da buwa da 'yan asisi su sauko. Sai sun ci sun tashi yake karɓar kokonsa. In ba su sauko ba, ko a baki ka kai masa zai kau da kai. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun haƙura.

To, tsuntsu ba ya share inda ya ci. Dusa ta cika tsakar gida, geron da ya tarwatse ya faɗa kwata ya tsiro ya toshe ta, ruwan sama ya shiga ɗakin maƙwabcinmu. Ɓeraye suka biyo saura, suka zarce zauren da mai gidan, Alhaji Buba, yake ajiye buhunan alkamarsa. Ya kira ni ya ce, "Malam Sani, ina ganin girman tsohon nan. Amma zuwa Juma'a, ko dai ƙazantar nan ta ƙare, ko in san abin da zan yi." Ni duk a zatona tashinmu yake nufi.

Babu abin da ban gwada ba a cikin gari. Tsakin shinkafa, da ruwa ya taɓa shi sai ya zama kunu, kiyashi su yi layi. Dawa ta fi ƙarfin bakin asisi. Dakakkiyar gyaɗa kuwa walima na yi wa ɓeraye. Matata Hajara ce ta ce, "Ka je wurin Goggo Asabe a Kaugama, ita ta san hatsi."

Hanyar Kaugama

A tasha na samu ƙaramar mota, aka cusa mu kamar kayan wanki. Hagu da dama ruwa ne kwance a gonaki, shinkafa ta leƙo da kai, can kuma kachala ta yi duhu har iya ganinka. Wani dattijo da gwiwarsa ke cikin haƙarƙarina ya tambaye ni me zan sayo da buhu.

Na ce, "Abincin tsuntsaye."

"Kiwo kake yi?"

"A'a, na daji ne. Masu sauka a gida."

Ya juyo ya dube ni sosai, ya ce, "Bara jan-baki suka sauka a gonata kamar hadari. Ni da iyalina muka wuni muna kaɗa gwangwani har muryarmu ta dishe, ko iri ban cire ba. Ashe kai ne kake yi mana kiwonsu."

Na buɗe baki zan ce namu kurciya ce da asisi, sai na ga idonsa, na mayar da maganata ciki. Har muka sauka babu wanda ya sake kula ni, direba ma da ƙyar ya amsa sallamata.

Kaugama

Da hantsi na shiga gidan Goggo, ƙanwar Baba. Da na gama yi mata bayani ban ji ta yi dariya ba. Ta ce, "Ashe Yaya gida ya koma. A gidanmu na fadama, Inna ba ta barin kowa ya kai loma baki da safe sai an watsa wa na sama nasu. Ya manta sunayen mutane, bai manta wannan ba."

Ta ɗebo gero ta yayyafa masa ruwa, ta surfa a turmi, ta bakace, ta wanke. Rana ta ƙi fitowa, sai ta busar da shi a gefen murhu. Daga nan ta zuba a busasshiyar tukunya ta soya sama-sama. Ta ce, "Surfe ya raba shi da dusa, wuta ta hana shi tsirowa. Kada ka bari ya ƙone, ba za su ci ba." Ta share ƙasa ta watsa tafi guda, muka koma gefe. Buwa suka sauko, kurciya biyu suka biyo. Da suka tashi na je na durƙusa ina dubawa kamar mai neman allura. Ko ɓurɓushi babu.

A nan na kwana, aka yi min tuwon gero da miyar kuka. Sai dai geron nata bai fi na 'yan kwanaki ba, damina ta kwashe rumbu. Ta ce in ina son wanda zai daɗe, tsohon gero yana Birniwa, kuma can ake samun wankakken riɗi, wanda aka cire wa ɓawo, shi asisi suka fi so.

Da na juya gida daga nan, da Alhamis na isa. Amma ni tela ne, ba na iya miƙa riga da zare yana lilo. Na ce bari in ƙarasa aikin gaba ɗaya, ai Juma'a da safe ina gida.

Birniwa

Muka bi ta garin Malam Madori. A wani shinge jami'i ya taɓa ƙullin da ke cikin buhuna ya ce mene ne. Na gaya masa. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da ke soya wa tsuntsu abinci, suka yi dariyarsu suka ɗaga mana hannu.

Ƙasar Birniwa yashi ce, an bar laka a baya. Na sauka wurin Malam Gambo, abokin Baba tun suna samari, mai sayar da riɗi. Ya tambaye ni jikin Baba, na ce da sauƙi, ya gane ƙarya nake yi bai tona ni ba. Ya kai ni gidan da mata ke murje riɗi a cikin ruwa har ɓawon ya taso, ya fito fari tas. Ya auno min, ya haɗa da tsohon gero, iyalinsa suka surfa suka soya yadda Goggo ta koya min. Na ciro kuɗi ya ture hannuna, ya ce, "Kada ka ɓata min rai, ɗana." Rabon da in ji sanyi a zuciyata irin na wannan yammacin har na manta.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauko bai ɗauke ba sai da gari ya waye.

Juma'a da safe muka kama hanya, ba mu yi nisa ba muka tarar da motoci sun yi layi. Ruwa ya cinye wata kwalbati, ya raba titin gida biyu, yana gudu ja wur. Na kira Alhaji Buba, waya ta ƙi shiga. Da ƙyar na samu Hajara wajen azahar. Na ce, "Ki gaya wa Alhaji na samo, ya ƙara min kwana ɗaya kawai."

Ta ce, "Ka dai yi ƙoƙari ka dawo."

A bayan muryarta ina jin wani sauti, ƙwas, ƙwas. Na ce a raina maƙwabta ne ke faskare. Na koma gidan Malam Gambo na sake kwana.

Komawa

Asabar ruwan ya ja baya zuwa ƙugu. Na tuɓe takalmi, na ɗora buhun a ka, na bi sahun mutane muka haye. Ƙafata ta zame sau ɗaya, na yarda in sha ruwan kwalbati da dai buhun ya jiƙe. A tsallake na samu motar Haɗeja, daga tasha na hau adaidaita.

Tun daga bakin layinmu na ga hasken ya yi yawa. Na tsaya ina tunanin ko layin na ɓata. Da na shiga gida sai ga kututturen mainar, fari, ɗanye, ko reshe ɗaya ba a bari ba. Masu sara a garin nan ba a biyansu, itacen ne ladansu, shi ya sa ba sa barin ko tsinke.

Alhaji Buba ya same ni a tsaye da buhu a kafaɗa. Ya ce, "Malam Sani, sannu da hanya. Ka ga na ce zan san abin da zan yi. Ni ba zan iya tashin tsoho mara lafiya a damina ba, Allah ya kiyaye. Sai na ga in babu wurin sauka, ai magana ta ƙare, kowa ya huta." Har ga Allah yana ganin alheri ya yi mana, kuma wannan ne ya hana ni samun bakin yi masa faɗa.

Hajara ta ce a gaban Baba aka fara saran, don an fito da shi kamar kullum. Ya ɗaga hannu yana ta ƙoƙarin magana, masu saran suka ɗauka gaishe su yake yi, suka amsa.

Washegari muka fito da shi, muka zaunar kusa da kututturen, Hajara ta riƙe masa lema. Na zuba masa sabon geron da riɗin a ƙwarya. Ya ɗeba ya murza a tafinsa, ya dube ni, na san ya gane hannun ƙanwarsa. Ya watsa. Muka jira. Can kurciya ɗaya ta sauka a kan katanga, ta karkata kai ta dubi inda bishiyar take a da, ta tashi. Koko ya huce a gefensa, aka ɗumama, ya sake hucewa.

Yau kwanaki ke nan haka muke. Ruwa kawai yake kurɓa, shi ma sai an matsa. Na kafa sanda na ɗaura reshen ƙaya, na ajiye kaskon ruwa, ban ga komai ba sai ƙadangare. Likita ya ce a ba shi abin da yake so. Na rasa yadda zan yi masa bayani.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Goggo Asabe da Malam Gambo da iyalinsa, aikinsu ya yi kyau, kuma duk mai son ciyar da tsuntsu ba tare da ya ɓata gida ba, abin da zai yi ke nan: ya surfa, ya busar, ya soya sama-sama. Jiya da yamma Alhaji Buba ya leƙo, ya dubi tsakar gida ya ce, "Ka gani ko? Fes." Gaskiya ya faɗa. Hajara tana tsince geron da Baba ya watsa ƙwaya-ƙwaya, ta mayar masa a ƙwarya, da safe ya sake watsawa.