Wankan Jegon 'Yata ta Fari

Da aka cire mini nonon hagu a Zariya na ɗauka magana ta ƙare. Sai da na koma bayan sati uku likitar ta ajiye takardar gwaji, ta ce irin kansar da ta kama ni ba kasafai ake ganinta ba. Hanya biyu ce: ko in tafi wani asibiti mai nisa a riƙa gasa wurin da hasken na'ura har sati shida, ko in zauna gida ina zuwa ana dubawa. Gashin yana rage yiwuwar dawowar ciwon, amma ba a jinkirta shi.

"Wanne ya fi, likita?"

"Na fi karkata ga gashin, Hajiya, amma ba zan yi miki alkawari ba. Ki je ki yi shawara."

Na dawo Nasarawan Doya da abin da ban iya faɗa wa kowa ba. 'Yata ta fari tana da cikin wata takwas, har an kawo ta daga Kudan goyon ciki. Sati shidan nan zai faɗa daidai kan haihuwa da wankan jego. Kuma na san hannun da zai karɓi aikin idan na tafi.

Ƙanwata ce, wadda ke aure a Paki. Ta zo jinyata, ta kuma yi ta tsakani da Allah, ba ni da bakin kushe ta. Amma ita ta yaye yarinyar nan, ta riƙe ta shekara huɗu. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni ko kiran sunanta. Ita ke mata kitso, ita ake raɗa wa sirri, ni sai gaisuwa da "Umma, me za a ɗora?" Shekara ashirin ina jiran kwana arba'in ɗin nan, lokacin da babu mai cewa na yi rashin kara don na taɓa 'yata. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa yanzu. Ina kwance ina jin dariyarsu a tsakar gida, sai in ji kamar an watsa mini barkono.

Na ce wa maigida ba zan je ba, na'urar nake tsoro. Ƙarya ce. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Jikinki ne, amma ki sake tunani."

Wata la'asar na ce bari in gwada kaina. Na je bayan ɗaki inda aka jibge itacen wanka, na tsoma ganyen darbejiya a bokiti na ɗaga kamar zan fyaɗa. Hannun ya tsaya a kafaɗa, ɗinkin ya ja ni har sai da na durƙusa. Ashe ƙanwata tana tsaye a bayana da tsintsiya. Ta karɓi bokitin da hannu ɗaya, ita da Allah ya ba lafiya kamar ta jakin kai taki, ta zaunar da ni a kan turmi.

"Yaya, don Allah ki daina wahalar da kanki," ta ce, idonta cike da hawaye. "Ko kin je ko ba ki je ba, ki kwantar da hankalinki. Ko ta Allah ta kasance, 'ya'yanki 'ya'yana ne. Jikokinki ba za su san babu ke ba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni kuwa sai na hango ta ƙarara: a ɗakina, a kan gadona, tana dama kunun kanwa a haihuwa ta biyu da ta uku, tana aurar da autata, yara suna kiranta kaka babu mai gyara musu. Ba za su san babu ni ba! Duk bayanin likita bai tsorata ni kamar wannan alherin ba.

Washegari na sa maigida ya kira asibiti.

Ina sati na biyu a can, ƙirjina ya yi baƙi yana raɗaɗi, aka kira ni a waya: an sauka lafiya, mace. Na ji kukan jaririyar, na kuma ji muryar ƙanwata tana rarrashi, ta fi kukan ƙarfi. Na juya wa bango fuska na yi kuka mai isata. Matar da ke kusa da ni ta zaci mutuwa aka yi.

Ranar da na dawo saura kaɗan a gama wanka. Na tarar da 'yata ta yi fes, jaririya ta yi ɓul-ɓul, babu inda zan ce an yi ha'inci, kuma wallahi na duba. Ƙanwata ta kwance goyon ta miƙo mini tana cewa in tallafe kan da kyau, ni da na haifi bakwai.

"Na gode," na ce mata. "Yaushe za ki koma Paki?"